Na'ura Ta Ce Ba Zai Dawo Ba

Shafi na 17

Ga waɗanda suka same mu a hanya: Auta direban babbar motar fasinja ne. Tun hatsarin da ya ci ran mutum biyu bai sake riƙe sitiyari ba, barci ma sai a zaune. Yayarsa tela, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi asibitin masu damuwa, inda maganin ba allura ba ne, zama ne da likita ana magana. Ya je sau uku ya daina. Da Yaya ta buga waya neman dalili, sakatariyar asibitin ta yi suɓutar baki ta ce, "Ai dama kwamfuta ta nuna ba zai daɗe ba." Yau da sassafe matar Auta ta aiko shago cewa ya fita, bai ce ga inda za shi ba.

*

Yaya ba ta yi sallama ba.

Da kafaɗa ta ture ƙofar gilashin ta shiga. Tef ɗin awo na rataye a wuyanta, ta manta ba ta cire shi ba da za ta rufe shago. A ɗakin jira akwai wani dattijo da ya ƙura wa bango ido, da wata mata rungume da jaka a cinya. Fanka na juyawa a hankali. Talabijin a kunne, an kashe muryar.

Sakatariya ta ɗago kai. Tana ganin wadda ta shigo, idonta ya zarce zuwa ƙofar da ke ƙarshen baranda, sannan ya dawo. Yaya ta lura. Ta ce a ranta, mara gaskiya kenan.

"Sannu da zuwa, Mama."

"Ban haife ki ba. Ina likitarsa?"

"Tana da mutum a ciki."

"Fito min da ita."

"Ba a katse zama, Hajiya."

"Ba a katse zama. Amma ana zuba ido mutum ya tafi." Yaya ta dafa teburin da hannu biyu. "Maimaita min abin da kika faɗa a waya."

"Kuskure na yi."

"Faɗar ce kuskure, ko abin da kika faɗa ne ba gaskiya ba?"

Sakatariya ta sunkuyar da kai tana gyara biron da ba abin da ya same shi.

Ƙofar ofishin da ke gefe ta buɗe. Babban Likita ne, shugaban asibitin, dogo mai furfura a gefen kunne, riƙe da kofin shayi. Sau ɗaya Yaya ta taɓa ganinsa, ranar da ta kawo Auta, ya wuce su yana murmushi irin na wanda ba zai tuna fuskarka ba.

"Lafiya, baiwar Allah?"

"Da lafiya da ba ka gan ni ba."

"Mu shiga ofis."

"A nan ma ya yi." Ta juya ga dattijon da matar. "Ku ma an auna ku, kun sani? Ku tambaye shi. Akwai na'ura a gidan nan da ta san ranar da za ku gaji."

Matar ta ƙara ƙanƙame jakarta. Babban Likita bai ɗaga murya ba.

"Mutanen nan da nasu nauyin suka zo. Kada ki ƙara musu naki. Shigo."

Maganar ta kama ta, don gaskiya ce. Ta shiga. Amma ta ƙi zama, kuma ta bar ƙofar a buɗe.

"Ni ce yayar direban nan. Wanda kwamfutarku ta ce zai gudu."

Ya zauna, ya ajiye kofin. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Bai kamata a faɗa miki haka ba."

"An riga an faɗa. Yi min bayani, da Hausar da tela za ta gane."

"To. Cikin masu fara zuwa wurinmu, da yawa ba sa ƙarasawa. Su zo sau biyu, sau uku, shi kenan. Da can ba ma sanin su waye sai sun tafi. Sai muka tara bayanan waɗanda suka wuce, na'ura ta duba me masu barin magani suka yi tarayya a kai. Yanzu in sabon mutum ya zo, bayan zaman farko tana ba shi launi. Kore, ruwan ɗorawa, ko ja. Hasashe ne. Ba duba ba ne."

"Boka ma haka yake cewa."

"Boka ba ya nuna lissafinsa."

"Kai ka nuna wa wa? Auta wane launi ne?"

"Ba zan yi maganar mara lafiya da ke ba."

"Ja ne," in ji Yaya.

Bai musa ba.

"Me kuke yi wa ja? Ku yi masa alama kamar ragon da aka sayar?"

"Kulawa ta musamman muke ba shi. Abu biyu. Na farko, kafin kowane zama ana buga waya a tuna masa. Na biyu, ana tafiya da shi a hankali. Ba a taɓa ainihin ciwon da wuri."

"Saboda me?"

"Saboda in likita ta sa mutum ya buɗe abin da ya same shi, sannan bai dawo ba, ya koma gida kenan da ciwo a buɗe, ba mai rufe masa. Ya fi yadda ya zo muni. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Shi ya sa ake fara koya masa yadda zai kwantar da jikinsa."

"Numfashi."

"Har da numfashi."

Yaya ta yi dariya, ba ta jin daɗi ba.

Ta tuna yammacin da Auta ya zauna a shagonta kan tulin yadudduka, bayan zama na uku, ya ce, "Yaya, numfashi suke koya min. Shaƙa, riƙe, saki. Ni da nake yi tun ranar da aka haife ni, ba malami." Tun hatsarin ba ta ji ya jera kalmomi masu yawan haka ba. Ita kuwa, da allura a baki, ta ce masa, "Yi shiru, su suka sani."

"Bari in ga ko na gane," ta ce. "Mutum ya zo muku ƙirjinsa na ci da wuta, kuka miƙa masa mafici. Ya zo ya faɗi abin da ke cinsa, kuka ƙi tambaya, don kun riga kun yanke zai gudu. Ya ga ba mai tambayarsa, ya gudu. Sai ku taru ku tafa wa kwamfuta, ta faɗi daidai."

"Abin da kika kawo, mu ma muna muhawara a kansa."

"Muhawara."

"Ba wasa nake ba. Tambaya ce mai nauyi."

"Na ga alama. Har shayi kake sha a kanta."

Wani abu ya soke ta a lokacin, ba daga gare shi ba. Ita ma tana da irin waɗannan. Mace za ta kawo yadi, daga yadda take duban ƙofa Yaya ta san ba mai dawowa kan lokaci ba ce. Sai ta ƙi sa almakashi, ta ninke yadin ta ɗora can sama. Ran da matar ta leƙo ta tarar ba a ko yanka ba, sai ta kwashe kayanta cikin fushi ta tafi. Yaya kuma ta leƙa shagon maƙwabciyarta ta ce, "Ban faɗa miki ba?"

Ta kore tunanin. Auta ba yadi ba ne.

"Me ta gani a jikinsa har ta ba shi ja?"

"Abubuwa ne da yawa take haɗawa. Maza sun fi mata barin magani. Masu aikin da ba shi da tsayayyen lokaci. Masu nisan gida."

"Rabin garin nan kenan. Ba shi ba ne. Akwai babba."

Ya dubi kofinsa.

"Akwai wanda ya fi sauran nauyi."

"Faɗi."

"Ba zai amfane ki ba."

"Kai za ka zaɓa min abin da zai amfane ni? Haka kuka yi masa. Faɗi."

"Gaba ɗaya nake magana, ba a kan ƙaninki ba."

"Na ji. Faɗi."

"Wanda bai zo da ƙafarsa ba, kawo shi aka yi." Ya ɗan dakata. "Musamman in wanda ya kawo shi ya bi shi har ɗaki, ya riƙa amsa tambayoyin da ake yi masa."

Ƙarar fankar ɗakin jira ta shigo ofishin.

Yaya ta ga ranar farko tsaf, kamar yanzu ake yi. Auta a kujera, hannuwa tsakanin gwiwoyi. Likitar, wata gajeruwar mace mai sanyin murya, ta karkata gare shi.

Kana samun barci?

Ba ya barci, in ji Yaya.

Me kake ji in ka ga mota?

Tsoro yake ji, jikinsa har rawa yake.

Bari ya faɗa da bakinsa, Yaya.

Ai ba ya magana, shi ya sa muka zo.

Me ya faru ranar?

Taya ce ta fashe. Kowa ya sani. Ba laifinsa ba ne, ki faɗa masa ya ji daga bakin likita.

Da aka zo kan lambar waya, tata ta bayar. Auta ba ya taɓa waya tun hatsarin. Ya kashe tasa ya jefa cikin durowa, ko matarsa ba ta isa ta kunna ba.

Ta dawo da idonta kan Babban Likita.

"Wato ni ce."

"Ban ce ke ce ba."

"Ka ce. Da ladabi ka ce." Ta zare tef ɗin daga wuyanta ta naɗe shi a hannu, ta matse har yatsun suka yi fari. Fushin da ya ɗan ja baya ya dawo, ya fi na farko. "To tsaya, ranka ya daɗe. Ka ce masu ja ana buga musu waya kafin kowane zama."

"Haka ne."

"Wa ake kira?"

"Lambar da aka bayar ranar farko."

"Lambar wa ce?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Tawa ce. Kwamfutarku ta duba ta ce, matar nan da ta kawo shi ita ce alamar zai gudu. Sai kuka ce, madalla, a riƙa kiran matar nan ta taso mana shi." Muryarta ta hau. "Ka san abin da nake yi in yarinyarka ta kira? In rufe shago. In tafi gidansa. In buga ƙofa har maƙwabta su leƙo. In tsaya a kansa yana sa takalmi, a gaban matarsa, a gaban 'ya'yansa, magidanci da gemu. In riƙo shi har nan. In ja benci in zauna a bakin ƙofar ɗakin, yana ganin inuwata ta gilashi. Duk ina cewa umarnin likita nake bi. Ku kuka ce in tabbatar ya zo."

"Ɓangaren hasashe daban ne," ya ce a hankali. "Ɓangaren kira daban. Ba a taɓa haɗa su ba."

"Gida ɗaya. Tebur biyu."

"Za mu duba wannan. Na yi miki alkawari."

"Ku duba. Kafin ku gama dubawa bari in ba ka labari. Mutumin da ya yi watanni reza ba ta taɓa fuskarsa ba, jiya ya je aski. Ya ce wa matarsa ta goge masa farar rigarsa. Ya zauna ya ci abinci da yaransa, har ya tambayi babbar yadda makaranta take. Yau gari bai gama wayewa ba ya fita, ba sallama, ba waya. Na je tasha, ba su gan shi ba. Na je gidan abokinsa, ba ya nan. Na je har gadar da abin ya faru." Nan muryar ta ɗan karye, ta gyara ta. "Tambayi kwamfutarka me wannan ke nufi. Wane launi ne?"

Fuskar Babban Likita ta sauya. Murmushin aiki ya tafi gaba ɗaya. Ya miƙe tsaye.

"Ya taɓa maganar cutar da kansa?"

"Ya taɓa maganar me? Wa ya bar shi ya yi magana? Ni ko ku?"

"Akwai magunguna a gidan? Ya raba kayansa? Ya yi wa wani bankwana?" Ya leƙa ƙofa. "Sakatariya, kawo min fayil ɗin direban nan. Ki nemo min lambar matarsa. Yanzu."

Sakatariya ta taso ta tsaya a bakin ofishin, ba fayil a hannunta.

"Likita, ai..."

"Ai me?"

"An ce kada in faɗa."

"Wa ya ce?"

Ƙofar ƙarshen baranda ta buɗe kaɗan. Likitar Auta ta fito ta gefe, ta ja ƙofar ta rufe, ta jingina bayanta da ita. Takalminta mara tsini, biro maƙale a aljihun rigarta.

"Ana jin ku a ciki," ta ce. "Kalma bayan kalma."

Yaya ta fito daga ofishin ta nufe ta.

"Ke ce mai koyar da numfashi."

"Ni ce. Ina kwana, Yaya."

"Riƙe gaisuwarki. Kin san ni ce matsalar tun ranar farko, kika yi shiru."

"Ban yi shiru ba. Na ce ki bar shi ya faɗa da bakinsa. Na ce ki jira shi a gida. A hankali na faɗa, ba ki ji ba. Da na ɗaga murya, wannan na yarda laifina ne."

"Yanzu ƙanina ya ɓace. Je ki ɗaga murya ki kira shi."

"Ba ni da ikon faɗa miki komai a kan kowa. Abin da zan iya cewa, ki koma shago. Ki ci abinci. Ki bari zuwa anjima."

"In kika ce in shaƙa in riƙe, wallahi sai an raba mu."

Babban Likita ya iso bayansu.

"Likita, maganar ta wuce sirri. Mutumin ya bar magani, ya fita ba a san inda yake ba, kuma alamun da ta faɗa ba su yi min daɗi ba. Dole mu nemi iyalinsa."

"Ba sai an nemi kowa ba, ranka ya daɗe."

"Kamar yaya?"

"Ba sai an nemi kowa ba."

Ya dube ta. Ya dubi ƙofar da ta tare. Ya juya ya dubi sakatariya, wadda ta sami abin kallo a ƙasa.

"Amma an rufe fayil ɗinsa," ya ce. "Yana cikin waɗanda muka ƙirga sun bari. Na sa shi a rahoto."

"To sai a sake ƙirgawa."

Yaya ba ta bi zancen ba. Abin da take gani kawai mace ce tsaye tsakaninta da amsa.

"Matsa," ta ce.

"Ba zan matsa ba."

"Na ce matsa."

Daga ciki aka murɗa hannun ƙofar. Likitar ta ji a bayanta, ta rufe ido na ɗan lokaci, sannan ta koma gefe.

Auta ne.

Farar riga, karin guga bai ko kwanta ba. Haɓa a aske, har da ɗan yankan reza a ƙasan kunne. Idanunsa jawur. A hannunsa akwai takardar share hanci da ya dunƙule.

"Yaya," ya ce, "muryarki ko a tasha ba ta buƙatar lasifika."

Ta tsaya. Abu na farko da ya zo mata shi ne ta taɓa shi ta tabbatar. Na biyu, ta kwaɗa masa mari. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Me kake yi a nan?"

"Abin da kika kawo ni in yi."

"Na zaga gari ina nemanka. Na je gada, Auta. Na leƙa ƙasa."

Ya runtse ido.

"Ki yafe min wannan. Ban yi zaton za a aika miki ba."

"Tun yaushe?"

"Wannan ne zuwana na biyu ni kaɗai. Na zo na ce a sauya min rana, a cire lambarki, kada a faɗa wa kowa. Na ce wa likita, ko ki bar numfashin nan ki tambaye ni abin da ya faru, ko in tafi ba dawowa." Ya dubi Babban Likita. "Ta tambaye ni. Kada ka yi mata faɗa."



"Ni ka ɓoye wa," in ji Yaya. "Ni. Wa ya goya ka? Wa ya bar makaranta ya hau keken ɗinki don ka ci? Da kana kwance a asibiti kamar gawa, wa ya tsaya a gaban dangin mutanen nan yana cewa ƙaddara ce, taya ce? Wa ya wanke maka suna a tasha?"

"Ke ce."

"To?"

"Ke ce duka, Yaya. Shi ya sa."

"Shi ya sa me?"

"Shi ya sa in kina ɗaki ba ni da baki. Kafin in nemo kalma kin riga kin ɗinka min amsa, kin sa min, kin ce ta yi min daidai."

Ta ɗaga hannun da ke naɗe da tef, ta nuna shi. Dattijon ɗakin jira ya daina kallon bango, su yake kallo.

Auta ya juya ga likitarsa.

"Bar ta ta shigo."

"Ka tabbata? Ba dole ba ne yau. Muna iya shirya mata, mu shirya maka."

"Ta riga ta zo. In ba yau ba, babu."

Likitar ta yi ɗan nazarin fuskarsa. Sannan ta ɗauko kujera ɗaya daga baranda ta shigar.

Auta bai kauce daga ƙofar ba tukuna.

"Da sharaɗi, Yaya. Za ki zauna. Zan yi magana. Ba za ki gyara min ba, ba za ki ƙarasa min ba, ba za ki ce ba haka ba ne. In kika buɗe baki kafin in gama, ko kalma ɗaya ce, zan tashi in fita. Kuma wannan karon na'urarsu ta yi gaskiya, ba zan sake tako gidan nan ba."

"Ni kake kafa wa..."

"Daga yanzu aka fara."

Ta haɗiye sauran.

Ɗakin bai sauya ba. Kujeru biyu masu fuskantar juna, ƙaramin tebur, kwalin takardar share hanci, agogon bango da aka rataya inda likita kaɗai ke gani. An ajiye tata kujerar a gefe, kusa da taga. Ta zauna. Likitar ta rufe ƙofa, ta bar Babban Likita a waje.

Wayar Yaya ta yi ƙara a cikin jaka.

Kafaɗun Auta suka zabura kamar an zuba masa ruwan sanyi. Ya dafe gefen kujera da hannu biyu, ya rufe ido, gumi ya tsattsafo a goshinsa.

"Kashe ta," ya ce ta tsakanin haƙora.

Matarsa ce ke kira. Yaya ta danne maɓallin har fuskar wayar ta yi baƙi. Ta sha ganin ya yi haka in waya ta yi ƙara. Kullum takan ce wa mutane, ƙarar komai ce ba ya so. Yau ne ta lura fankar nan na ƙara, ƙofa ta buga, ita kanta ta cika gidan da ihu, bai motsa ba.

Ya shaƙi iska. Ya riƙe. Ya saki a hankali. Da ya buɗe ido ya ga tana kallonsa, sai ya ɗan murmusa gefe guda.

"Yana aiki wani lokacin," ya ce. "Kada ki faɗa musu."

Likitar ta zauna ta ɗora hannuwa a cinya.

"Muna jinka."

Auta bai dubi likitar ba. Yayarsa ya duba.

"Ranar farko an tambaye ni me ya faru. Kika ce taya ce ta fashe."

Yaya ta gyaɗa kai.

"Ta fashe. Amma bayan mun daki bakin gada ne. Kafin nan lafiyarta ƙalau, sabuwa ce, ni na sa aka ɗaura ta."

Ta matse tef ɗin.

"Muna gangarowa, mota cike. Waya ta yi ƙara a aljihuna. Na ƙyale ta. Ta katse, ta sake. Na ƙyale. Ta sake. Har wata fasinja a bayana ta ce, direba, ko dai mutuwa aka yi a gidanku? Na san mutum ɗaya ne a duniya mai kira haka. Mutum ɗaya ne in bai ji muryata ba, ba ya ajiyewa. Kuma na san in ban ɗauka ba, in na dawo sai na yi bayani a tsaye kamar yaro."



Ta tuna ranar. Ta tuna tana tsaye a bakin shago, waya a kunne, tana tsaki. Zare ne ya ƙare mata, ruwan toka, irin wanda sai a babbar kasuwar da yake sauke fasinja ake samu. So take ta ce ya taho mata da shi.

"Na saki hannu ɗaya," in ji Auta. "Na ciro ta. Na sunkuya in duba."

Agogon bango na tafiya. Likitar ba ta motsa ba, amma idonta na kan Yaya.

"Sunanki ne a jiki, Yaya. Shi ne abu na ƙarshe da na gani kafin gadar."

Kalmomi suka taso mata gaba ɗaya, suna turereniya a maƙogwaro. Ban sani ba. Ƙarya ne. Me ya sa ba ka faɗa ba. Wa ya ce ka ɗauka. Ka yafe min.

"Ban gama ba," ya ce. "Akwai abin da na yi da wayar bayan nan, kafin 'yan sanda su iso."

Leɓɓanta suka rabu.

Auta ya gani. Ya miƙe tsaye a hankali, ya kai hannu kan ƙofa, ya tsaya yana jiran abin da zai fito daga bakinta.